Riƙon da Aka Ba Baba

Na san abin da ake faɗa a kaina a gida, kuma na san ya iso kunnuwanku. An ce na tsare tsoho marar lafiya a ɗakina a Alƙahira, na yi ta cusa masa labarin Turawa har ya faɗi abin da nake so, duk don in janyo wa ɗana rawani. Ku ukun nan babu wanda ya taɓa tambayata gaba da gaba. Ban sani ba ko kunya ce ta hana ku, ko kuwa ku ma akwai abin da kuke zato a ranku. Ba zan yi muku rantsuwa ba. Zan dai faɗa muku yadda shekarar ta tafi, tun daga ranar da aka hawo da kakanku benen nan namu na Hadayik, ku auna da kanku.

Mahaifina shi ne Sarkin Maƙeran garinmu. Ku da kuka tashi a Masar kuna iya ganin abin ƙarami ne, kuma ƙaramin ne. Babu ƙasa, babu dogarai, sai dai in maƙera biyu sun saɓa shi ke raba su, in hakimi ya zauna yana da wurinsa a zaure, in ya ratsa kasuwa a ce masa, "Sarki, barka da fitowa." Amma a gidanmu babu abin da ya kai rawanin nan. Kafin Baba, yayansa ne, Baffa Sule, yake kai. Baffa Sule ya rasu da ƙuruciya, ya bar ɗa guda yana koyon tafiya, shi ne babanku, Malam Isiyaku. Baba ne ya rene shi, shi ya nema masa hanyar zuwa karatu Masar, daga baya ya ba shi ni, aka sako ni a jirgi, ni da ko Kano ban taɓa kwana ba. Abin da na sani ke nan, a kansa na zauna har na yi furfura. Babanku ya gama karatu, ya kama aikin fassara, ya tsufa a nan, a nan aka binne shi, ban taɓa jin maganar rawani a bakinsa ba. Iyakarsa in an yi waya da gida ya ce, "Ya jikin Sarki?"

Ni kuwa na yi shekaru ina aikin reno a wata makarantar ƙananan yara a Ma'adi, inda 'ya'yan Turawan Ingila suka fi yawa. A can na tsinci Turanci, a can kuma na yi zama da wata tsohuwar Baturiya, abokiyar aikina, wadda ta ɗauki gidan sarautarsu kamar danginta. Ko ina so ko ba na so, sai ta gaya mini wa aka naɗa, wa aka hana, kuma don me.

Da ƙarshen damina aka kawo Baba, ciwon mafitsara ya ci ƙarfinsa, likita ya ce maganin na watanni ne, ba na zuwa a koma ba. Wanda ya rako shi ne ya ba ni mamaki. Yaya Habu, kawunku, mutumin da ko bikin 'yar'uwa ba ya rufe shagonsa na ƙarfe, sai ga shi da jaka babba. Na ce masa, "Yaya, ai da ka huta kwana biyu ka koma, ga ni ga yara." Ya ce shago ba zai gudu ba. Na gyara masa ɗakin Mu'azu, tunda autan yana jami'a a Iskandariyya, ya ce a'a, ya janyo katifa ya shimfiɗa a ɗakin Baba. Da farko na ce tausayi ne. Sai na lura in na kai wa Baba kunu, kafin in zauna Yaya ya shigo. In yana baranda yana waya ya ji muryata a ɗakin, sai ya katse ya dawo. Ko sallar jam'i a masallacin ƙasan bene ba ya zuwa sai ya ga ɗana Abba yana gida ko Baba ya yi barci. Na ajiye abin a raina.

Ba su jima da zuwa ba sarauniyar Ingila ta rasu. Kun tuna yadda tashoshi suka koma, ta Larabci da ta Turanci duk abu ɗaya. Baba ba ya jin ko ɗaya daga ciki, amma mutum ne mai son sha'anin sarauta, sai ya sa aka ajiye masa kujera a falo, ni kuma na zama tafinta. Washegarin rasuwar, sabon sarki ya yi jawabi, aka yi ta maimaita shi, aka yi ta nuna babban ɗansa.

"Kulu," in ji Baba, "wancan dogon shi ne magajin? Me aka ce an ba shi?"

Na ce, "Sarauta iri biyu ce a kansa, Baba. Akwai ta wata ƙasa da ake kira Cornwall, ita ba a naɗa ta. Da numfashin kakarsa ya tsaya, ubansa ya zama sarki, ta faɗo masa da kanta, don ta babban ɗan sarki ce. Akwai kuma ta Yariman Wales. Ita sai sarki ya buɗe baki ya ba shi, shi ne abin da ya yi yanzu."

"Wacce ta fi girma?"

"Wadda aka ba shi da baki."

"Da uban bai ga dama ba fa?"

"Sai ya jira. Shi kansa uban, uwarsa ta yi shekaru a kan karaga kafin ta ba shi."

Yaya Habu da ke zaune a ƙasa yana jan carbi ya ɗago. "Su suka faɗi haka, ko ke kike ƙarawa?"

Na yi dariya, na zaci wasa ne. Sai ya ƙwala wa Abba kira daga ɗaki, ya ce ya zo ya saurara ya gaya masa ko abin da uwarsa ta faɗa shi ne a talabijin. Abba, kai ka tuna, ka tsaya da kofin shayi a hannu ka saurara, ka ce da Hausarka mai nauyi, "Tamam, Kawu, haka ne." A gaban ɗana aka duba maganata kamar ta baƙuwa a kasuwa.

Bayan 'yan kwanaki, ranar jana'izar, 'yata Safiya ta zo da yaranta aka cika falo. Aka nuno jikokin marigayiyar a jere, Baba ya tambaya me ya sa wasu ake ce musu yarima da gimbiya, wasu kuwa sunansu kawai ake kira. Na ce ai ta wajen namiji abin yake bi. 'Ya'yan ɗan sarki suna da shi, 'ya'yan 'yar sarki ba su da shi, shi ya sa 'ya'yan 'yar sarauniyar ba su da komai a gaban sunansu. Safiya ta juya wurin kakanta da wasansu na jika da kaka.

"To mijina, ka ji. Mu 'ya'yan mace ne, ko ƙusa ba za mu gada ba a maƙerarka."

Yaya Habu ya fashe da dariya har da buga cinya. "Kin dai ji, Kulu. Har Turawa sun san wannan."

Baba bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon Abba, sannan ya ce a hankali, "Waɗannan ba ta wajen uwa kaɗai suka shigo gidan ba."

Yaya ya miƙe ya kashe talabijin, ya ce lokacin magani ya yi. Lokacin bai yi ba, ni ke ba da maganin.

Daga nan aka shiga hunturu, sanyin nan na Alƙahira da ke biyowa ta tayil ya shiga ƙashi. Zaman gidan ya yi nauyi. Muna ci a faranti ɗaya, muna gaisawa da safe kamar yadda ya kamata, amma kowa yana kallon kowa ta gefen ido. Yaya ya fara rufe ƙofar baranda in zai yi waya, duk da haka nakan ji sunan Nasiru, babban ɗansa, da na wakilin hakimi suna fitowa. Wata rana a asibiti ya sa ni in tambayi likita ko allurar da ake wa Baba tana taɓa hankali. Likita ya ce tana sa kasala da barci, amma hankalinsa lafiya lau. Na fassara masa. Da muka dawo gida ya sa Abba, da yake a kantin magani yake aiki, ya sake duba masa. Abba ya faɗi abin da likita ya faɗa, sai na ga fuskar Yaya ba ta saki ba. A ranar na tambayi kaina, wane ɗa ne za a ce masa hankalin ubansa ƙalau, ya ƙi yin murna? Na fara zaton Baba yana so ya tsallake shi ne ya ba wani cikin ƙannenmu, shi kuwa ya zo gadi. Iyakar inda tunanina ya kai ke nan.

Sai wata Juma'a, azumi ya ƙarato. Baba ya matsa wa Yaya ya tafi masallaci, ya ce bai kamata namiji mai lafiya ya yi ta barin Juma'a saboda tsoho ba. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa yana jan ƙafa, Abba yana ce masa yalla, ya yi sauri za a tayar da huɗuba, dole ya bi shi. Tun zuwansu, ranar ce ta farko da na zauna da mahaifina a farke babu kowa. Talabijin na kunne, aka ce sarkin Ingila ya ba autan ƙannensa sarautar Edinburgh, wadda mahaifinsu marigayi ya riƙe. Baba ya ce in gaya masa. Na ce tun tuni aka yi wa ƙanen alkawarinta, sai yanzu aka cika. Na ƙara da abin da mai sharhin ya faɗa, cewa iya rayuwarsa aka ba shi. In ya mutu ɗansa ba zai gaje ta ba, za ta koma hannun sarki.

"Sake faɗa."

Na sake.

"Yana da ɗa namiji?"

"Yana da shi, Baba."

"Kuma ya karɓa a haka, ya san ɗansa ba zai ci ba."

Ya ce in rage sautin. Ya gyara bargon da ke gwiwarsa.

"Ashe su ma suna ba da riƙo," in ji shi. "Kulu, ni ma haka aka ba ni."

Ya ba ni labarin ba tare da ya kalle ni ba. Da Baffa Sule ya rasu, hakimin wancan zamani ya tara dattawan maƙera, ya ce rawani na ɗan marigayi ne, amma yaro mai koyon tafiya ba ya raba gardama. Aka ce Baba ya riƙe masa har ya kawo ƙarfi. Aka kai shi maƙerar gidanmu, ya ɗora hannunsa a kan uwar maƙera, wannan baƙin ƙarfen da ake dukan aiki a kai, ya ce ya karɓa a kan haka. Ya ce duk waɗanda suka tsaya a wurin sun mutu, sai ƙanwarsa, Gwaggo Talle, da take leƙe ta bayan zana.

Ban taɓa yi wa Baba tambaya biyu a jere ba tun da aka haife ni, amma ranar bakina ya riga ni.

"Shi ya sa kuka turo baban Abba Masar?"

"Karatu yake so. Shi ya nema."

"Ni fa, Baba?"

Ya ce, "Na ga in jikokin Yaya Sule suka zama jikokina, abin bai bar gida ba."

Na tambaye shi ko babanku ya sani. Ya ce ya faɗa masa shekarar da aka haifi Abba, lokacin da muka je gida, babanku ya ce a bari sai ya gama karatu. Bai sake tayar da maganar ba, shi ma Baba bai sake ba. Wannan ɓangaren har gobe ban san yadda zan yi da shi ba. Na zauna da babanku shekaru masu yawa, na wanke masa ciwo, na san tarinsa a cikin taron mutane. Ko dai ya ɓoye mini abu irin wannan har kabarinsa, ko kuwa Baba ne ya ƙara wannan don ya sauƙaƙa wa kansa. Duka biyun babu mai daɗi, kuma babu wanda zan tambaya.

Na ce wa Baba maganar nan ta fi ƙarfin kunnena ni kaɗai, ya bari in ɗauki muryarsa a waya. Ya ce shi ba maroƙi ba ne da za a riƙa kunna muryarsa a zaure. Na ce to ya faɗa a gaban Yaya. Ya ce in sun dawo. Da suka dawo ya rufe ido. Yaya ya shigo ko takalmi bai gama cirewa ba, ya dubi Baba, ya dube ni, ya dubi talabijin.

"Me kuka tattauna?"

"Labarin Turawa," na ce.

Aka shiga azumi Baba bai faɗa wa Yaya ba. In na kai masa abu na tsaya ina kallonsa, sai ya juya fuska bango. Sai wata yamma, an kira magariba, muna zaune a tabarma ni da Yaya da Abba, shi kuma a kujera da kofin kunu, ya ajiye kofin.

"Habu. Rawanin nan na gidan Yaya Sule ne. Riƙo aka ba ni. In na mutu ku mayar. Kulu, ke ce shaida, kai ma Abba ka ji."

Ina kallon Yaya. Bai firgita ba, bai ce me ba, bai tambayi wane riƙo ba. Ya gama cire ƙwallon dabinon da ke hannunsa, ya ce, "Baba, ka sha kununka kada ya huce." Bayan an yi salla ya same ni a kicin ina juye miya, ya tsaya a bakin ƙofa ya rage murya.

"Wata da watanni kina karanta masa Turawa, yau ga abin da ya haifa. An ba ƙane sarauta iya rayuwarsa, ɗansa ba ya gado. A talabijin ɗinki aka faɗa, ko ba a nan ba? Juma'a ɗaya na bar ki da shi."

"Yaya, ka ji tsoron Allah."

"Wa zai ci in an mayar? Ɗan wa?"

Amsar a fili take, ɗana ne. Kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, maganarsa ta shiga ni. Labarin Baba ya yi kama da na talabijin ƙwarai. Na yi kwanaki ina juya abin: tsoho mai shan allura, mai ciwo, mai tunanin mutuwa, ba zai iya jin labarin wasu ya yafa shi a jikinsa ba? Na kira Gwaggo Talle a waya. Jikarta ta kara mata a kunne, na yi ta ɗaga murya har ta gane abin da nake tambaya. Ta ce, "Wa ya gaya miki?" Na ce Baba. Ta ce, "Wannan ba maganar waya ba ce," ta miƙa wa yarinyar. Na rasa ko tabbatarwa ce ko kora.

Kai kuwa Abba, da na zaunar da kai, abin da ka ce shi ne, "Mama, ni ko masaba ban taɓa riƙewa ba, garin ma sau nawa na je? Khalas, shi ke nan, ki bar wa Kawu." Na ce ba a kai nake magana ba. Ka ce, "To a kan wa?"

Bayan ƙaramar Salla likita ya ce abin da za a iya yi an yi, Baba ya ce a mayar da shi gida. Bai kai babbar Salla ba. Na je na yi zaman makoki a ɗakina na da, wanda ake buɗe mini duk zuwan da na yi. Da aka share makoki, wakilin hakimi ya aiko cewa zai zo ya ji wanda gida ya tsayar. Da safen ranar Yaya ya shigo ɗakin, ya zauna a bakin gado, abin da bai taɓa yi ba. Muryarsa a tausashe.

"Kulu, ɗanki ba ya so, shi da bakinsa ya gaya mini. Babu wanda za ki yi wa amfani. In kin yi shiru, gidan nan gidanki ne kamar kullum."

"In ban yi ba fa?"

Ya miƙe ya gyara hularsa. "Ke dai ki yi tunani."

Na yi tunanin. Shiru ya fi mini sauƙi ta kowace fuska. Ba ni da wata uwa ko uba da suka rage, gidan nan da Yaya su ne abin da nake da shi a ƙasar da aka haife ni. Amma mutum mai shirin mutuwa ya kira sunana ya ce ni ce shaida. Kuma na tuna babanku a kwance a maƙabartar baƙi, wanda aka yi ta kira maraya da Baba ya yi wa alheri, alhali abin da ke kan Baba nasa ne. Na aika aka gaya wa wakili akwai wasiyya a bakina.

Aka ajiye mini tabarma a bayan ƙofar zaure. Ba na ganin fuskokinsu, sai takalma a jere da gefen riguna. Na faɗi abin da Baba ya faɗa a buɗa-baki, kalma da kalma, ban ƙara ba. Na ce ɗana ba ya nema, ni ma ba na nema masa. Yaya ya ce tsoho yana cikin maye na allura, ya ce ni na cika masa kai da labarin sarakunan Turawa, ya ba su labarin ƙanen sarkin Ingila tiryan-tiryan, har wasu suka yi dariya. Wani cikin ƙannenmu ya ce mace mai ɗa a cikin magana ba ta shaida. Aka kira Abba a waya ya ce ya ji, aka ce ai ɗanta ne. Wakili ya tambaya ko akwai wani mai rai da ya san zamanin. Ni na ce akwai Gwaggo. Aka riƙo ta aka kawo, aka zaunar da ita kusa da ni. Wakili ya yi mata tambayar da ƙarfi. Ta daɗe tana motsa baki.

"An yi," in ji ta. "Ina bayan zana. A kan uwar maƙera ya ɗora hannu."

Ban gaya wa kowa maganar uwar maƙera ba, ko a waya ban ambata mata ba. A nan ne kawai zuciyata ta zauna cewa Baba ba mafarki ya yi ba.

Hukuncin da ya fito daga wurin hakimi bai faranta wa kowa ba. Aka ce Yaya Habu ne a gari, shi ya san maƙera, shi za a naɗa, amma a kan riƙo kamar ubansa. Bayansa abin zai koma gidan Baffa Sule in akwai mai so. Yaya ya sami rawani, Nasiru ya rasa gado, ɗana bai ƙaru da komai ba. Kafin in bar garin an cire ni daga guruf ɗin gidanmu na waya. An aurar da 'yar Yaya, a bakin wata mai kawo kaya Alƙahira na ji. Ɗakina kuwa an ce yanzu rodi ake zubawa a ciki. Gwaggo ta rasu bayan 'yan watanni, babu wanda ya kira ni sai da aka binne ta.

Bara na ji labarin Yaya ya zo Alƙahira aikin ido, ya sauka a unguwar Hayyus Sabi' wurin wasu ɗalibai 'yan garinmu. Bai neme ni ba. Na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miyar kuka da 'yar sauran daddawar da nake ɓoyo, na hau jirgin ƙasa, na sauka na shiga ƙaramar bas, na yi ta tambaya har na sami benen. Da azahar na same shi shi kaɗai, zaune a katifa, ido ɗaya a rufe da auduga. Ya rame. Na durƙusa na ce, "Sarki, ya jiki?" Ya ce da sauƙi. Na zuba masa, ya wanke hannu ya fara ci. Na bari ya yi nisa sannan na tambaye shi.

"Yaya, har yanzu kana ganin ni na ƙirƙira?"

Bai ɗago ba. "Ban taɓa ganin haka ba. Tun ina saurayi na ji Baba da Inna suna maganar. Me kike zaton ya sa na bar shagona na zo na kwanta a ƙasa wata da watanni?"

"Ka sani, ka ƙaryata ni a gaban mutane?"

"Ke kin tsaya wa ɗanki, ni na tsaya wa nawa."

"Ɗana ba ya so."

"Yau ba ya so," in ji shi. "Ai yana da ɗa."

Ya cinye tuwon tas, ya ce ya daɗe bai sha miya irin ta Inna ba. Ya ce kuma kada in yi zaton wani abu ya canza, in an tambaye shi a gida, abin da ya faɗa a zaure shi zai sake faɗa. Na haɗa kwanukana na miƙe. Ina bakin ƙofa ya ce in gaishe da Abba. Sannan, kamar abin ya faɗo masa ne kawai, ya tambaye ni shekarun yaron nan na Abba nawa yanzu.

Na ce masa ban riƙe ba.